Baƙi a gida, fari a cikin waya

Tun da muka dawo gida daga gudun hijira na ƙara sana'a ɗaya a kan tireda, wato cajin waya. Farantin sola biyu a kan rufin shago, batir guda, sai allon katako da na jera wa soket. Wutar gwamnati sai ta ga dama take zuwa, saboda haka daga la'asar rumfar gaban shagona ba ta rabuwa da samari. Kowa na jiran tasa ta cika, wanda tasa ta ɗan samu kuma sai ya tsuguna nan kusa da soket ya kama gem. PUBG da Free Fire, su ne suka cinye yaran ƙauyukanmu tun daga Mayurno har cikin Jazira, kuma na san haka abin yake a wurinku, ko kuna Kano ko Agadas ko Jidda.

Ni dai ban taɓa kula da abin da ke cikin wayoyin nan ba. Damuwata ba ta wuce ta kowane uba ba: lokacin salla, karatu, da kuɗin data. Sai wata rana ina auna wa wata mata sukari, na leƙa ta kafaɗar ɗana mai shekara 14, na ga wani mutum tsaye a fuskar wayar riƙe da bindiga, fari tas, gashi ja-ja kwance har goshi. Na ce, kai, wane ne wannan Baturen? Bai ko ɗago kai ba ya ce, “Ni ne, Baba.”

Na ce kai ne ta ina? Ya ce ai in za ka fara wasan, kai ne ke ƙera mutuminka. Ka zaɓi namiji ko mace, ka zaɓi fuska, ka zaɓi gashi. Na ce to babu baƙar fuska ne a ciki? Ya ce akwai. Ya ma nuna mini. Ga ta nan a jere da sauran, ba a ɓoye ta ba, ba a sa mata kuɗi ba. Na bi yaran rumfar ɗaya bayan ɗaya, su bakwai ne a ranar, na ce kowa ya nuna mini nasa. Mutum ɗaya ne kawai ya ɗauki baƙi, shi ma abokansa suna yi masa dariya wai don a daina ganinsa cikin inuwa ya yi haka. Yara bakwai, duka Hausawa, duka kalata, irin baƙin da rana ba ta da abin da za ta ƙara masa.

Matar nan ta gaji da jira ta ce, “Hajj, sukarin fa?” Na ba ta, amma abin bai bar raina ba har na rufe shago.

Wanda bai zauna Sudan ba sai na ɗan yi masa bayani. A nan launin fata yana da matakala, kowane mataki da sunansa. Mai haske sosai a ce asfar, na ƙasa da shi asmar, sai akhdar, wato kore, sai na ƙarshe azrak, wato shuɗi. Ba kasafai za ka ji an ce wa mutum aswad ba, sai a kewaya a ce azrak. Kogin da muke sha, wanda rediyo ke kira Blue Nile, sunansa a bakin mutane Nilul Azrak, kalma ɗaya da wadda ake kiranmu da ita. Kogin ana yi masa waƙa. Mutum kuwa in an ce masa azrak wurin neman aure, an gama magana.

Mu kuma kayanmu biyu ne. A rubutun Hausa kalmar baƙi tana ɗaukar launi, tana kuma ɗaukar mutanen da ba 'yan gari ba, to mu duka biyun aka ɗora mana. Fallata, Takari, haka ake kiranmu, wani da zuciya ɗaya, wani da niyyar zagi. Alhali kakanninmu sun fi shekara ɗari a bakin kogin nan. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yulin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka sauka kudu da Sinnar wajen 1906, garin ya ɗauki sunansa. Kafin su ma akwai mahajjatan ƙasa da suka yi zango suka zauna. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannun iyayenmu na cikin waɗanda suka yi ta tsinta. Mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Umdurman, A'isha Falatiya, tamu ce. Agashe da duk Basudane ke layi a kansa da yamma, sunan ma kowa ya ji ya san daga bakin wa ya fito. Duk da haka a watan Yulin 2022, da Hausawan jihar Nilul Azrak suka nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, rikici ya ɓarke a wajen Rusairis da Damazin, aka rasa rayuka sama da 100. A watan Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, wajen mutum 200 suka tafi. Kalmar da ta fi yawo a lokacin ita ce, ku ba 'yan ƙasa ba ne. Ɗan nan nawa yana da wayo sarai a shekarar, ya ga 'yan'uwanmu da suka gudo suka kwana a tsakar gidanmu.

To yaron da ya tashi yana jin wannan, aka miƙa masa waya aka ce ƙera kanka yadda kake so, me kuke zato zai ƙera?

Da farko kamfanonin na ɗora wa laifi, kuma suna da rabonsu. Na tuna shekarun da ake buɗe nadi a kowace kasuwa, ɗaki ɗaya da janareta da talabijin biyu, yara na biyan kuɗi suna buga PlayStation. Gem ɗin da ya fi tashe bayan ƙwallo shi ne GTA San Andreas, wanda ya fito a 2004. Jarumin baƙar fata ne, sunansa CJ, yaran suna sonsa kamar me. Amma aikinsa fa? Ɗan daba ne a wani birni irin na Amurka, ya finciko mutum daga mota ya gudu da ita, ya yi harbi, 'yan sanda su bi shi. Baƙin mutum na farko da yaranmu da yawa suka riƙe a hannu suna juyawa ke nan. Sai wani da ake kira Resident Evil 5, na kamfanin Capcom na Japan, 2009. An kafa labarin a wani gari na Afirka da aka ƙirƙira, Bature ɗaya mai ƙirar ƙarfi yana ratsa unguwa yana harbe baƙaƙen mutane da wata cuta ta haukata. Tun da aka nuna tallarsa a 2007 baƙaƙen Amurka suka yi ta surutu. A cikin wasan an haɗa shi da abokiyar aiki 'yar Afirka mai suna Sheva, ita ma ɗin mai haske ce. Na taɓa tsayawa a ƙofar nadi ina kallon yaranmu suna ihu suna murna ana zubar da mutane masu kama da kawunnansu, a kasuwa mai kama da tamu, ban ce komai ba. A lokacin ina ganin wasa ne kawai.

Wani ɗan ƙanena da ya karanta kwamfuta a Jami'ar Jazira ya ba ni labarin wani ƙidayar da malamai suka yi a Amurka, wani mai suna Dmitri Williams da abokan aikinsa, aka buga a 2009. Sun ɗauki gem 150 da aka fi saye suka ƙirga mutanen ciki kamar yadda gwamnati ke ƙidayar jama'a. Kashi 80 cikin 100 farare ne, baƙaƙe ba su kai kashi 11 ba, su ma yawancinsu a wasannin motsa jiki suke ko irin su CJ. Wannan ya yi daidai da abin da idona ya gani. In kana son ganin baƙi ana girmama shi a gem, sai ka kunna ƙwallo. Can ne yaro zai ɗauki Sadio Mane ko Ahmed Musa yana taƙama da gudunsu.

Wannan ɗan ƙanen nawa ne kuma ya nuna mini abin da ya girgiza ni. Lokacin muna Gadarif, bayan faɗa ya iso jihar Sinnar a tsakiyar 2024, gida ɗaya muka cunkushe iyali huɗu. Shi abin da ya tsira da shi daga Madani kwamfutarsa ce kawai. Wani dare ya ce, “Baffa, zo ka ji wani abu.” Ya kunna wani gem mai suna Age of Empires III, na kamfanin Microsoft, irin wanda mutum ke gina gari ya tara runduna. A watan Agustan 2021 sun ƙara masa al'ummu biyu daga Afirka, Habashawa da Hausawa. Ya danna wani mutum a allon, sai na ji an amsa masa da Hausa. Wallahi sai da na waiga, na zaci wani ne ya yi magana daga tsakar gida.

Babban birnin Kano ne. Shugabar Sarauniya Amina. Ga mahaya dawaki sanye da lifidi, kuma da sunan lifidin aka kira su, ba a canza ba. Ga maharba Fulani, ga wani soja wai shi Maigadi, ga kasuwar shanu, ga gidan karatu, ga gini da zanko irin na ƙasar Hausa. Abin da ya ba ni dariya har na yi tari, a cikin ƙananan ƙabilun da mai wasa ke iya ƙulla ƙawance da su akwai waɗanda aka rubuta wa Sudanese, suna ba ka mayaƙa irin na zamanin Mahadi. Wato a cikin kwamfuta Bahaushe ne mai gari, Basudane ne maƙwabcin da ake nema da alheri. Na yi dariyar, amma ban so yaran su ɗauke ta da nisa ba. Mun ga inda gorin asali yake kai mutane, kuma maƙwabtanmu Larabawa da Funj da yawa sun ɓoye namu a ranar tsanani.

Yaran gidan duka suka taru a bayanmu a daren nan, har da mata. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa taka Nijeriya ba, kuma ta haura 80, ta sa aka matso mata da allon ta daɗe tana kallon dawakin. Ta ce kakanta yana ba su labarin lifidi, auduga ake cusawa a ciki a ɗinke, kibiya ba ta ratsawa. Ba ta taɓa ganinsa ba sai a daren nan.

Akwai kurakurai, kar a ce na yaba kaya ban duba ƙasan buhu ba. Amina ta Zazzau ce, an ɗora ta a kan Kano. An kwashe zamunna daban-daban an zuba a tukunya ɗaya. Kuma Hausawan ciki duk na sarauta da yaƙi ne, irinmu masu tsintar auduga da kamun kifi da tallan goro a ƙasar wasu ba mu ciki. Amma wanda aka saba ce masa ba shi da asali, in ya ga an zana masa birni da ganuwa, ba ya tsayawa cinikin ƙananan abubuwa a daren farko.

Ashe ba shi kaɗai ba ne. A Civilization VII da ya fito a Fabrairun 2025, Amina na cikin shugabannin duniya da mai wasa ke zaɓa. A wanda ya gabace shi an sa Amanitore, sarauniyar Nuba ta zamanin Marawi, ita ma baƙa, 'yar ƙasar nan. A Overwatch akwai wani ƙato ɗan Nijeriya mai suna Doomfist, Bayarabe ne, kuma a tarihin da aka rubuta masa an ce ya koyi dambe, damben nan namu na dunƙule hannu ɗaya. Sai dai shi mugu ne a labarin. Akwai kuma wani ɗan wasan kwaikwayo a Ingila, Abubakar Salim, asalin iyayensa Kenya. Shi ya yi muryar jarumin Assassin's Creed Origins a 2017, daga baya ya kafa kamfaninsa ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024, labarin yaron da ke neman a dawo masa da mahaifinsa da ya rasu. Ya yi shi ne saboda nasa uban. A Kamaru ma wani kamfani, Kiro'o Games, ya fitar da Aurion tun 2016.

Matsalar ita ce duk waɗannan ba su zuwa rumfata. Suna son kwamfuta mai ƙarfi ko na'ura mai tsada, da wuta tsayayya, da katin banki da ke aiki a waje. Sudan ta yi shekara 20 cikin takunkumin Amurka, daga 1997 zuwa 2017, ba mu saba sayen irin waɗannan ta hanyar da ta dace ba, yanzu kuma ga yaƙi tun Afrilun 2023. Abin da ke isowa hannun ɗan talaka shi ne na kyauta a waya. Su kuwa na kyautan, da sayar da tufafi da fatun bindiga suke cin riba, saboda haka wanda ke saye shi ake yi wa ɗinki. Wannan kowane ɗan kasuwa ya san shi. Free Fire na kamfanin Garena ne a Singafo. Da suka ga Brazil na ba su kuɗi, suka sa mawaƙinsu Alok a ciki. Suka sa Cristiano Ronaldo da sunan Chrono a ƙarshen 2020. Da suka juyo kasuwar Larabawa a 2021 suka ɗauko ɗan fim ɗin Masar Muhammad Ramadan suka yi masa mutum mai suna Maro, da shaho. PUBG kuma a 2020 sun sa wani abu kamar gunki da mai wasa ke rusuna wa don ya samu ƙarfi, Musulmi suka yi ca, musamman a Kuwait da Saudiyya, cikin 'yan kwanaki aka cire aka ba da haƙuri. Suna ji, in mai kuɗi ne ya yi magana. Namu yaran kuwa, in sun tara 'yan kuɗinsu za su sayi UC, ta Bankak suke tura wa dillali, dillalin ma daga wani dillali a waje ya saro. A lissafina, ko a littafin kamfanin ba a rubuta cinikin da sunanmu ba.

Duk wannan na tattara na zo wa ɗana da shi, ina jin na gano bakin zaren. Na ce ka ga, su ne suka saba muku da farar fuska. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Baba, ba haka ba ne kawai.”

Ya ce a wasan ana buɗe makirfo, mutum huɗu suke zama ƙungiya, wani lokaci a haɗa ka da waɗanda ba ka sani ba daga ƙasashen Larabawa. Da ya fara, baƙin ya ɗauka. Da sun ji lafazinsa sai a fara “ya zol, ya zol” ana dariya, wannan da sauƙi. Amma sau da yawa in sun haɗa lafazin da fuskar, sai wani ya jefo kalmar nan da ba na son rubutawa, wadda ake kiran bawa da ita. Wani ya ƙi ɗaga shi in an harbe shi. In kuma 'yan Sudan ne aka haɗa su, ya yi kuskure ya yi wa abokinsa Hausa, sai a ce ashe Fallati ne. Saboda haka ya tara maki ya sauya fuskar, ya koyi rufe makirfo. Ya ce, “Ni wasa na zo yi, ba faɗa ba.”

Shekara nawa yaron nan yana ɗauke da wannan a cikin gidana, ina zaune taku biyar daga gare shi ina ƙirga canji. Ban sani ba saboda ban taɓa tambaya ba. Abin da nake tambaya kullum shi ne, ka yi salla, kuma wa ya ba ka kuɗin data.

Sai kuma ya ƙara da wadda ta fi zafi, ba da rashin kunya ba, yana murmushi ma. Ya nuna kanta ta uku a shagona ya ce, “Ai kai ma kana sayarwa.” Man shafawa ne na ƙara haske, kala huɗu, da hoton mace fara a jikin kowane kwali. Yana cikin kayan da suka fi tafiya, musamman gab da biki. Ya ce kuma ranar da aka kawo amaryar yayansa, me gwaggonninsa suka yi ta faɗa? Na tuna sarai. Ba wanda ya ce tana da karatu, alhali ta sauke Alƙur'ani. Cewa aka yi ta yi, kai, ya yi dace, fara ce sol.

Ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita. Man nan har yau yana kan kanta, ban yi ƙarya in ce na zubar ba, kuɗina ne a ciki kuma bashi nake biya. Abin da na yi dai ban sake saro wani ba, na kuma faɗa wa mai kawo mini dalili, ya dube ni kamar na zauce.

Wani abokina da muka yi fatauci tare, yanzu yana Umdurman, da na ba shi labari cewa ya yi in fasa wayar kawai in huta. Na gane nufinsa, kuma ni ma ba na jin daɗin wasan da ba a yin komai a ciki sai harbi, a ƙasar da harbin gaske bai daina ba. Amma in na fasa wayar, kalmar da aka jefe shi da ita tana nan a kasuwar Sinnar, tana nan a makaranta. A wayar dai na samu na ji.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na ce ya buɗe mini nawa a wayata. Yaran rumfa suka taru kamar ana rabon zakka. Na ce a sa mini fuskar da ta fi kowace baƙi, a aske kan ƙwal. Na tambaya ko akwai jallabiya da rawani, ko hula ƙube, suka fashe da dariya, wai sai dai wando da singileti, sauran kaya sai na saya ko na tsinta. Aka jefo ni daga jirgi, na sauka a kan rufin wani gida, ban gano yadda ake sauka ƙasa ba har wani ya zo ya harbe ni. Ko minti uku ban yi ba.

Nasa mutumin har yanzu fari ne. Na ce in maki ne matsalar sauyawa ni zan biya, ya ce in bari ya yi tunani, na bar shi. Amma na lura in su huɗu 'yan unguwa suka haɗa ƙungiya, makirfo a buɗe yake, kuma da Hausa suke ihu, har sai na leƙo na ce a rage murya akwai masu ciniki. Wayata kuwa ƙaninsa mai shekara 8 ya gaje ta, da baƙin tsohon nan mai ƙwal yake wasa. Jiya ina ɗaure wa wani gishiri na ji yana ce wa yayansa, “Zo ka ɗaga Baba, an harbe shi a bayan mota.”